Arewa: suna na nan, gwamnati babu

1/ Jama'a, nan Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari kullum ina jin ana cewa "mu 'yan Arewa". To wai ina gwamnatin Arewar?

2/ Babu ita. Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba Jihar Arewa gida shida. Yau jihohi 19 ne.

3/ Mutanen Ingila ma suna irin wannan ƙorafi: tun 1999 Sikotilan da Wales ke da majalisunsu, Ingila kuwa ba ta da tata.

4/ Mu dai abin ya fi mana zafi. Dajin Kamuku ya haɗe da dazukan Zamfara da Neja. Ɗan bindiga bai san iyaka ba, ikon gwamna kuwa a iyaka yake tsayawa.

5/ In gwamnonin ba su haɗa kai ba, wa zai tsare mana hanyar Kaduna?