Tarihin Koyar da Zanen Yadi a Kano: Daga Marina zuwa Kwamfuta da Leza

Ilimin fitar da ado a jikin yadi ya bi hanyoyi uku a Kano: gado a marina, karatu a makaranta, sai koyon aikin na'ura a shago. Ƙofar Na'isa, ɗaya daga ƙofofin kudancin ganuwa, wadda aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi aka kuma sake gina ta, tana tsakanin biyun farko. A cikinta akwai tsofaffin unguwannin birni masu sana'ar gado, a wajenta kuma titin da ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, wanda makarantu suka jeru a gefensa.

Makarantar farko ita ce bakin karofi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ba ta taɓa sanin allo ko jarrabawa ba. Yaro kan fara da ɗibar ruwa da shanya, yana kallon yadda ake haɗa baba da toka da katsi, a bar su kwanaki har rinin ya nuna. Sai hannunsa ya shiga aikin zai gane abin da ya sa ake tsoma ƙyalle a ɗago shi ya sha iska, ya fito kore-kore sannan ya rikiɗe shuɗi. Zanen kansa yawanci aikin mata ne a cikin gida: su ke ƙulla farin yadi da zare ta yadda rini ba zai ratsa ƙullin ba, 'ya'yansu mata na gefe suna koyo. Daga nan sai mabuga su sa masa sheƙi. Da wannan koyarwa Kano ta kai matsayin da matafiyi Heinrich Barth ya tarar a 1851, lokacin da tufafinta ke isa Timbuktu da Murzuk da Tarabulus, turkuɗin Kura kuma ya zama abin alfaharin Buzaye.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, atamfar Turai kuma ta ci gaba da kwararowa. Masaƙun zamani sun biyo baya: Kaduna Textiles a 1957, UNTL a 1964, sai na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Su suka buƙaci mai zane a takarda, wanda zai raba launuka a buga kowanne daban. Wannan ilimin a aji aka koyar da shi, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Abin takaici, lokacin da bugun kwamfuta ke bunƙasa a duniya, masaƙun da za su ɗauki ɗaliban rufewa suke yi. UNTL ma ta tsayar da aiki a 2007.

Bugun kwamfuta ya samo asali daga na'urar buga takarda mai fesa tawada. Kamfanin Stork na Holan ya nuna irinta ta yadi a 1991, kuma zuwa 2003 an sami masu saurin da ya dace da masana'anta. Zanen na cikin kwamfuta, na'ura na fesa shi kai-tsaye, don haka ana iya buga yadi biyar kacal ba tare da asara ba. Amma kowane zare da tawadarsa: wadda ta kama auduga ba ita ke kama roba ba, kuma sai an gyara yadin kafin bugu, a turara shi ko a gasa shi bayan bugu.

Leza kuwa ba ta ƙara launi, cirewa take yi. Nau'in da aka fi amfani da shi a yadi Kumar Patel ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1964. Haskensa na ƙone shuɗin da ke saman zare ya bar farin da ke cikinsa, shi ya sa ya karɓu wajen masu wandon jins, musamman bayan Turkiyya ta hana koɗar da jins da feshin yashi a 2009 saboda cutar huhu da ta kashe ma'aikata. Kamfanin Jeanologia na Sifen ya yi fice wajen ƙera na'urorin, kamfanin jins na Levi's kuma ya sanar da komawa gare su a 2018.

A Kano, na'urorin zamani sun fi shigowa ta ƙananan shaguna: masu buga riguna da huluna na biki da na kamfe, da masu ɗinkin kwamfuta a wuyan kaftani. Koyarwar ta koma irin ta da, yaro a gaban maigidansa, sai dai abin da ake nuna masa sarrafa manhaja ne da danna maɓalli. Nan giɓin yake. Mai leza yana buƙatar sanin iya zurfin da shuɗi ya ratsa zare, domin ƙarfin hasken da ya dace da jins kan huda yadi mara kauri, kuma wannan sanin a hannun marina yake. Su kuwa marinan, da suka yi zanga-zanga a Kano a 2015 kan yadin Sin da ya cika Kantin Kwari, yawancin zanensu na ƙulli har yau a ƙwaƙwalwar tsofaffin mata yake, ba a takarda ko kwamfuta ba.