Chari Maigumeri: Sojan da ya yaƙi Ingila, ya kuma yi mata yaƙi

Duk mai bin hanyar Lakwaja ya san sunan barikin Chari Maigumeri, amma ba kowa ya san mai sunan ba. Ko a ranar 15 ga Janairu, da ake ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, da wuya ka ji an ambace shi. Alhali kuwa samanja ne da ya ga yaƙin duniya biyu, ya kuma sa kakin ƙasashe biyu masu gaba da juna.

Mutumin Borno ne. Yana matashi ya tsallaka Kamaru, a 1913 ya shiga sojan Jamus. Ba a daɗe ba yaƙin duniya na farko ya ɓarke, aka tsinci yaron a Garwa, bakin kogin Binuwai, inda Jamusawa suka haƙa ramuka suka girke bindigogi masu ruwan harsashi. A ƙarshen watan Agustan 1914 rundunar Ingila ta taso daga Yola da zummar cin garin cikin dare. Ta kwashi kashinta a hannu. Har kwamandanta, Laftanar Kanar Maclear, a nan ya kwanta dama. Sai a 1915 Ingila ta dawo tare da Faransa da manyan igwa, suka yi wa garin ƙawanya har ya miƙa wuya a watan Yuni. Chari na cikin waɗanda aka kama.

A nan ne gardamar take. Labarin da ya fi yawo, wanda hafsoshin Ingila ma suka riƙa yayatawa da alfahari, shi ne Jamusawa sun ba shi lambar Iron Cross saboda jarumtar da ya nuna a Garwa. Labari ne mai daɗi a baki: ga samanjanmu, har abokan gaba sun sara masa. Sai dai Jamus ta wancan zamani ba ta saba liƙa wa baƙar fata wannan lamba ba. Akwai wata lambar yabo daban da ta tanada don sojojinta ’yan ƙasa a Afirka, ita ake ba askarawa. Abin da hankali ya fi kwanciya da shi, ita ce Chari ya samu, bakin bariki ya ɗaga darajarta daga baya. Jarumtar dai ba mai musu a kanta.

A 1917 ya sa kakin Ingila a rundunar Nijeriya, inda Hausa ce harshen ba da oda, aka tura shi Gabashin Afirka ya fuskanci tsoffin iyayen gidansa. Wannan ba baƙon abu ba ne a lokacin, domin soja sana’a ce, kuma Turawa ba sa wasa da ƙwararren mai harbi. Cikin shekarun 1920 ya zama babban samanjan bataliya ta uku, muƙamin da ya riƙe fiye da shekara ashirin.

Da yaƙin Hitila ya zo, ya bi bataliyarsa Somaliya da Habasha a 1941, suka fatattaki sojojin Italiya, ya sami lambar Military Medal, wadda babu tababa a kanta. Daga nan sai dajin Bama da Jafanawa. A 1944 aka ƙara masa lambar BEM. Ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, shekarar da ya ajiye kaki bayan shekara 36 yana yi wa Ingila aiki.

Da zai tafi gida, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa.