Daga Jiragen Siminti Zuwa Tulin Takardu: Asalin Sharuɗɗan Neman Kwangilar Gwamnati

A shekarar 1975, ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon, wadda kuɗin man fetur ya cika wa aljihu, ta rattaba hannu kan kwangilolin shigo da kimanin tan miliyan 20, mafi yawansu ta hannun Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage suka shafe watanni suna jira, ana biyan su kuɗin zaman jira, siminti kuwa yana daskarewa a cikinsu. Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa ɗan kwangila a yau yake ɗauke da jakar takardu, daga nan ya kamata ya faro.

A wancan zamani babu wata doka guda da ta tsara yadda gwamnati za ta yi sayayya. Dokar kula da kuɗin gwamnati ta 1958 ake dogaro da ita, sai ƙa'idojin kuɗi da takardun umarni daga Baitulmali, waɗanda ake sauyawa yadda aka ga dama. Kowace ma'aikata tana da kwamitinta na tantance masu neman aiki, amma maganar minista ko babban sakatare ita ce yankan wuƙa. Jarin ɗan kwangila shi ne sanayya. Daga nan aka gaji ayyukan da aka karɓi kuɗin somin-taɓinsu aka watsar, waɗanda kufansu ke tsaye a garuruwanmu har yau.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya binciki tsarin. Rahoton ya nuna rashin gasa, da rashin tallata ayyuka, da kumbura farashi. Sakamakonsa aka kafa wani sashe a fadar shugaban ƙasa a 2001, wanda aka fi sani da ofishin bin ƙa'ida, ƙarƙashin Oby Ezekwesili. Sashen ya hana fitar da kuɗin babbar kwangila sai da shaidarsa. Sai dai umarnin shugaba kaɗai ke riƙe da shi, kuma abin da umarni ya kafa, umarni na iya rushe shi.

Wannan giɓi aka toshe a watan Yunin 2007, lokacin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu kan Dokar Sayayyar Gwamnati, kwanaki kaɗan bayan hawansa mulki. Dokar ta haifi hukumar BPP, ta mai da buɗaɗɗiyar gasa ta zama ƙa'ida, ta wajabta tallata aiki a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta kuma ce a bai wa wanda ya cika sharuɗɗa da mafi ƙarancin farashi. Ta taƙaita kuɗin somin-taɓi a kashi 15 cikin 100, kafin Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30. Ta haramta daddatsa kwangila don kauce wa tantancewa. Kamfanin da kotu ta samu da laifi za a hana shi aikin gwamnati na aƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 na darajar aikin.

Takardun da ake nema kuwa ba rana ɗaya suka taru ba. Kowace da dokar da ta haife ta. Rajistar hukumar CAC tana tabbatar da cewa kamfanin ya wanzu a idon doka. Shaidar biyan haraji ta shekara 3 tana nuna ba jiya aka ƙirƙiro shi domin wannan aikin ba. Shaidar PenCom ta fito ne daga gyaran tsarin fansho na 2004, wanda dokar 2014 ta sabunta, inda mai kamfani ke zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta kawo shaidar NSITF, kashi 1 na jimlar albashi, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Gyaran da aka yi wa dokar asusun horar da ma'aikata a 2011 ya ƙara shaidar ITF. A kan waɗannan sai rajista a rumbun bayanan BPP, da lissafin kuɗi da akanta ya tantance, da rantsuwar kotu kan ko wani jami'in ma'aikatar yana da hannu a kamfanin.

Abin lura shi ne, rabin takardun nan ba su auna iya gini ko iya kawo kaya. Gwamnati ta gane cewa bin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya don karɓar haraji da kuɗin fansho aiki ne ja, sai ta tsare su a ƙofar da dole su bi. Dabarar ta yi amfani: akwai ma'aikacin da bai taɓa mallakar asusun fansho ba sai da ubangidansa ya hango kwangila.

Amma tana da nata farashi. Yawancin shaidun suna ƙarewa ne da ƙarshen shekara, don haka kowane Janairu sai a koma layi. Babban kamfani yana da lauya da akanta masu yi masa wannan hidima. Ƙaramin magini a Gusau ko Azare shi ne komai da komai. Daga nan kasuwar aron takardu ta buɗe: mai iya aiki ya biya mai kamfani la'ada ya shiga da sunansa, kuma kuɗin la'adar daga jikin aikin yake fita. Ita kanta Majalisar Ƙoli ta Sayayya da dokar ta tanada, an shafe fiye da shekara 10 ba a ƙaddamar da ita ba, Majalisar Zartarwa ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli.

Jihohi sun bi sahu da nasu dokokin, kamar Kaduna a 2016, kuma kowace da nata jerin sharuɗɗa. Ga mai shirin shiga wannan fage, darasin tarihi a fili yake: ana zubar da mai nema tun a matakin takardu, kafin a buɗe ambulan farashinsa. Ga mai biyan haraji kuwa, tambayar 1975 tana nan: bayan takardu sun cika, wa ya je ya duba ko an yi aikin?