DAGA ƘOFAR MAZUGAL ZUWA BAGADEN MAS: TARIHIN IBADAR KATOLIKA A MAƘWABTAN BIRNI

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya da na jarumta, mu leƙa wani tarihi da ke kusa da mu ƙwarai, amma da yawanmu ba mu san komai a kansa ba.

Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Mazugal da safiyar Lahadi, ya ba Dala baya, ya ratsa ta Fagge, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai iske kansa a Sabon Gari, inda zai ga mutane cikin ado, mata da goyo, maza riƙe da hannun yara, kowa na sauri kada a fara babu shi. Wasu daga cikinsu 'yan ɗarikar Katolika ne, kuma abin da suke sauri dominsa shi ne ibadar da ake kira Mas. Ƙofar Mazugal tana cikin ƙofofi takwas na farko da littafin tarihin Kano ya ambata a ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, wajen shekara ɗari tara da suka shige. A cikin wannan ganuwa babu majami'a. Saboda haka ɗan birni kan girma har ya yi furfura yana cinikayya da ɗan Katolika a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, bai taɓa sanin abin da abokin cinikin nasa yake yi ranar Lahadi ba. Rashin sani kuwa, an ce ya fi dare duhu, kuma a cikin irin wannan duhu ne jita-jita kan yi ƙiba.

MENE NE MAS?

A aƙidar Katolika, Mas ita ce gaba da kowace ibada. Asalinta jibin da Yesu Almasihu ya ci da almajiransa a daren da za a kama shi, inda Linjila ta ce ya ɗauki gurasa da ƙoƙon ruwan inabi ya ba su, ya umurce su da su riƙa yin haka don tunawa da shi. Shi ya sa Kiristoci masu jin Hausa suke cewa Jibin Ubangiji. 'Yan Katolika sun gaskata cewa idan limaminsu, wato Fada, ya yi addu'ar keɓewa, gurasar da ruwan inabin sun zama jikin Almasihu da jininsa, ko da yake kamanninsu da ɗanɗanonsu ba su sake ba. A nan suka sha bamban da Kiristoci da dama da ke ɗaukar abin a matsayin alama. Wanda ya gane wannan aƙida tasu, zai gane dalilin da ya sa suka kewaye ibadar da dokoki masu tsauri haka.

Ibadar kashi biyu ce. A kashi na farko ana karatu daga Littafi Mai Tsarki, a rera Zabura, a karanta Bishara jama'a na tsaye, Fada ya yi wa'azi, a furta aƙida, a yi roƙo domin duniya. A kashi na biyu ake kawo gurasa da ruwan inabi kan bagade, a yi doguwar addu'ar godiya, a yi wa juna gaisuwar salama, sannan a rarraba wa waɗanda suka cancanta. Wannan tsari tsoho ne, domin wani malamin Kirista mai suna Justin ya bayyana shi kusan haka a Rum wajen shekarar 155. Da harshen Girka aka fara yi a can, sai a ƙarni na 4 Latin ya karɓe wurin, ya zauna daram har shekara dubu ɗaya da ɗari biyar da ɗoriya.

YADDA TA ISO ƘASAR HAUSA

Mutane da yawa na zaton Turawan mulkin mallaka ne suka fara kawo limaman Katolika ƙasar nan. Tarihi ya nuna an yi yunƙuri tun kafin nan, kuma ta hanyar Sahara. A 1710 wasu limamai biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria mutumin Genoa da Severino mutumin Silesia, suka taso daga Tarabulus, suka bi ta Fezzan da Agadas, saboda labarin da ya kai Rum cewa akwai Kiristoci a yankin Kwararafa. Sun iso Katsina a 1711, ciwo ya kama su, duka biyun suka rasu a can. Da rasuwarsu maganar ta mutu.

Sai bayan shekara fiye da ɗari da saba'in aka sake ɗaura niyya, wannan karon daga kudu. Ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a birnin Lyon na Faransa a 1856, ta buɗe tasha a Lakwaja a 1884, sannan a 1907 limamanta uku, a ƙarƙashin Fada Oswald Waller, suka sauka a Shandam. Amma masarautu irin su Kano sun kasance a rufe gare su, domin bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma gwamnatin Turawa ta daɗe tana taƙaita zirga-zirgar 'yan mishan a ƙasashen Musulmi.

Abin da ya kawo Mas Kano shi ne jirgin ƙasa. Da layin dogo ya iso a 1911, sai ga ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka zaunar da su a Sabon Gari, bayan ganuwa. A cikinsu akwai 'yan Katolika, kuma ɗan Katolika ba ya iya haɗa wa kansa Mas, dole sai da Fada. Limamai suka biyo jama'arsu. A hankali aka sami majami'u da makarantu, kuma a 1948 mata masu zaman zuhudu na St. Louis suka zo daga Ailan suka zauna a Kano, makarantarsu kuwa ta yaye 'ya'yan Musulmi da Kirista masu yawa.

Shekaru da dama Kano tana ƙarƙashin Kaduna a tsarin ikkilisiya. An ware ta a 1991, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, mutumin Ailan, sannan a 2008 aka naɗa Bishop John Namaza Niyiring. Su biyun 'yan ƙungiyar Agustin ne, ƙungiyar da Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa a 2025, ya fito daga cikinta. Babbar majami'ar dayosis ɗin tana ɗauke da sunan Fatima, sunan da kan ba ɗan birni mamaki. Sunan wani ƙauye ne a ƙasar Fotugal, inda 'yan Katolika suka gaskata Maryamu ta bayyana ga wasu yara uku makiyaya a 1917.

WA KE DA IKON TSARAWA?

Ba a bar wa kowane Fada ya yi yadda ya ga dama ba. Bayan babban taron Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563, Fafaroma Pius na 5 ya fitar da littafin Mas guda a 1570, aka bi shi kusan ko'ina. Da shi 'yan mishan suka zo Shandam da Sabon Gari: Fada na karanta Latin, yawanci a hankali, shi da jama'a duk sun fuskanci bagade, mai sauraro na bin sa da ido da zuciya ba tare da ya ji abin da ake faɗa ba.

Babban sauyi ya zo da taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965. A ranar 4 ga Disamba 1963 taron ya amince da takardar da ta buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a, kuma a 1970 aka buga sabon littafin Mas na Fafaroma Paul na 6. Daga nan aka fara jin Mas da Hausa a Arewa, aka shigo da ganga da tulu da kacau-kacau, waƙoƙin Zumuntar Mata suka cika majami'u. Wannan ya yi tasiri ƙwarai a ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, inda manomi ya ji ana addu'a da harshen da yake magana da uwarsa. A irin waɗannan ƙauyuka, idan Fada bai samu zuwa ba, katikis ne ke jagorantar karatu da addu'a ranar Lahadi, amma ba shi da ikon keɓe gurasa, don haka taron nasa ba Mas ba ne. Daga wannan jama'a ta Hausawa Kirista aka sami Bishop Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, wanda ya zama bishop na farko na dayosis ɗin Katsina da aka ƙirƙira a 2023, wato shekara 312 bayan rasuwar limaman nan biyu a garin.

A yau ikon tsarawa hawa-hawa ne. Fadar Fafaroma ke fitar da littafin asali da Latin, taron bishop-bishop na kowace ƙasa ya fassara ya nemi tabbatarwar Rum, bishop ya sa ido a dayosis ɗinsa, Fada kuma ya bi abin da aka rubuta ba ƙari ba ragi. Abin lura shi ne, daga 2002 zuwa 2008 ɗan Nijeriya ne, Kadinal Francis Arinze, ya shugabanci ofishin Rum mai kula da ibada a duk duniya, kuma shi ya sa hannu a takardar 2004 da ta jero kura-kuran da aka hana a Mas.

DOKAR GURASA DA AZUMI

Kundin dokokin ikkilisiya na 1983 ya fayyace abubuwa dalla-dalla. Gurasar ta alkama ce zalla, sabuwa, kuma a al'adar Rum ba a sa mata yisti. Ke nan gurasar Kano da muka sani, duk da ita ma ta alkama ce, ba ta hawa bagade. Abin da ake amfani da shi farin waina ne sirara, mai faɗin kwabo. Ruwan inabin kuwa na 'ya'yan inabi ne da ya tsumu, a ɗiga masa ruwa kaɗan. Wasu malaman addini na Afirka sun daɗe suna tambaya: tunda gero da dawa ne abincinmu, me zai hana a yi da su? Rum ba ta yarda ba, hujjarta kuwa ita ce ba ta da ikon sauya abin da Almasihu ya riƙa da hannunsa. Ta dai sassauta a wasu fannoni, kamar yadda a 1988 ta amince wa ƙasar Zayar, wato Kwango ta yau, da tsarin Mas mai rawa da ambaton magabata.

Akwai kuma azumi. A da, mai son karɓar Jibi ba ya cin komai, ba ya shan ko ruwa tun daga tsakar dare, abin da ba ƙaramin aiki ba ne ga Fadan da zai yi tafiya a zafin bazara kafin ya kai ƙauye. Fafaroma Pius na 12 ya halatta ruwa a 1953, ya mai da azumin awa uku a 1957, sannan Paul na 6 ya mai da shi awa ɗaya a 1964. Halartar Mas ranar Lahadi wajibi ne sai da uzuri. Karɓar Jibi aƙalla sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista, doka ce tun taron Lateran na 1215. Wanda ya san yana da babban zunubi sai ya fara zuwa ya furta wa Fada. Yaro kan fara karɓa yana da kimanin shekara bakwai, bisa umurnin Pius na 10 a 1910. Baƙo kuwa, ko Musulmi ne da ya je ɗaurin auren abokin aikinsa ko jana'izar maƙwabci, yana iya zama ya kalla, amma ba ya shiga layin karɓa, kuma ba wulaƙanci ba ne, ƙa'ida ce.

Ko a cikin gida ba a rasa saɓani ba. Masu ƙaunar tsohuwar Mas ta Latin sun sami sassauci daga Fafaroma Benedict na 16 a 2007, sai Fafaroma Francis ya sake taƙaita ta a 2021, muhawarar kuma ba ta ƙare ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Wannan tarihi yana da shafuka masu ɗaci. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012, 'yan bindiga suka afka wa Kiristoci masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, har da masu halartar Mas, aka rasa rayukan malamai da ɗalibai. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 kuma aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, jama'a masu ɗimbin yawa suka rasu a sahu. Da annobar korona ta zo a Afrilun 2020, kulle guda ne ya rufe masallatai da majami'un Kano.

Ba a ce kowa ya bar abin da ya gaskata ba, bambancin aƙida tsakanin ɗan birni da maƙwabcinsa na Sabon Gari a fili yake, kuma su duka sun san da shi. Amma wanda ya san cewa abokin cinikinsa ya ƙi karya kumallo da safiyar Lahadi ne saboda azumin awa ɗaya, ya san me ake yi da farar wainar nan da kuma dokar da ke kanta, da wuya wani ya zo masa da ƙarya a kan mutanen ya karɓa. Tsakanin Ƙofar Mazugal da Sabon Gari tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu, kuma mun fi shekara ɗari muna shan ruwan gari ɗaya.