Tsakanin Ɓarawo da Hukuma: Tarihin Haɗarin da ke Bin Ƙananan Mawallafa a Kano da Bangui

Jarin ƙaramin mawallafi bai taɓa wuce abu uku ba: ainihin rubutun, hanyar da rubutun ke bi ya isa ga mai karatu, da kuma sanin su wane ne masu saye. Abin da ya sauya cikin shekara arba'in da suka wuce shi ne ma'ajiyar waɗannan abubuwa. A da suna warwatse tsakanin jaka da shago da littafin bashi, yau kuwa sun dunƙule cikin wayar hannu guda. Tarihin wannan ƙaura ya fi fitowa fili idan aka jera Kano, cibiyar ɗab'in Hausa, da Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama a unguwar Kilomita Biyar. A biranen biyu, hukuma ta fara neman biyayyar mai buga takarda tun kafin ta yi tunanin kare masa jarinsa.

Ɗab'in boko na Hausa ya faro ne a hannun gwamnati. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga nan aka sami Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sannan kamfanin NNPC a 1966. A wancan zamani marubuci ba shi da ruwa da tsare kwafi, domin kamfani ne ke riƙe da farantan bugu, shi ne kuma ke fuskantar doka. Tsarin ya lalace ne da tattalin arzikin Najeriya ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta. Sai matasa suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a farkon shekarun 1990, ga kuma littattafan Balaraba Ramat Yakubu. Wannan shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da aka daɗe ana muhawara a kansa.

Da marubuci ya zama mawallafin kansa, sai haɗarin duka ya dawo wuyansa. Rubutun hannu kwafi ɗaya ne, yana iya ɓata a wurin mai buga keken rubutu. Farantan bugu suna kwana a maɗaba'ar da ba tasa ba, ba shi da hanyar tabbatar da cewa adadin da ya biya shi kaɗai aka buga. Littafin da ya karɓu kuwa ana iya buga na jabu a sayar a garin da marubucin bai taɓa takawa ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka satar wancan lokaci tana da tsada: sai ɓarawo ya sayi takarda da tawada, ya biya kuɗin mota. Abin da doka ke nema a lokacin kaɗan ne, wato dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 wadda ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga. Da yawa daga cikin littattafan kasuwa ba su bi wannan hanya ba, shi ya sa mai bincike a yau yakan dogara da tarin da wasu malamai suka adana da kansu.

Biyayya ta gaske ta zo ne da kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A 2007 aka ƙona wasu littattafan soyayya a bainar jama'a a gaban Gwamna Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A wannan shekara kuma wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da wayar hannu ya fita, ya bazu daga waya zuwa waya, ya girgiza masana'antar fim. Aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, kuma a 2008 aka buƙaci marubuta su yi rajista, su kawo rubutunsu a tace kafin bugu. Ƙungiyoyin marubuta, ciki har da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, suka ƙi yarda, aka yi ta ja-in-ja kafin a sasanta. Abin lura a nan shi ne cewa fitar bayanan sirri daga na'ura ce ta jawo tsanantawar, amma martanin hukuma bai shafi tsaron na'ura ba ko kaɗan. Ya tafi ne kacokan kan abin da aka rubuta da sunan wanda ya rubuta.

Bayan haka kasuwar littafin takarda ta yi sanyi, marubuta, galibinsu mata, suka koma Facebook da Wattpad da zaurukan WhatsApp. Tsarin cinikin sananne ne: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya, ya aika shaidar biya, a saka lambarsa a zauren waɗanda suka biya. Wannan ya cire dillali, ya cire mai maɗaba'a, ya kuma kauce wa teburin mai tacewa. Sai dai ya mayar da sata kyauta. Mutum ɗaya da ya biya yana iya tura littafin gaba ɗaya zuwa zaure goma kafin asuba, wasu kuma su tattara shi cikin fayil su sake sayarwa, wani lokaci ma da sunan wani marubucin. Gargaɗi da Allah ya isa da ake gani a saman irin waɗannan littattafai shaida ce ta cewa marubuciyar ba ta da wani makami sai roƙo da tsoratarwa.

Kalmar kutse, wadda asalinta shiga wuri ba da izini ba, ita ce Hausar yau ta ba wa fasa asusun intanet, kuma ta dace da yadda abin ke faruwa, domin yawanci mai gidan ne ke buɗe ƙofa da hannunsa. Ɗan damfara yakan kira ya ce an shirya taro ko tallafi, ya nemi a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya, da su kuma ya ƙwace asusun WhatsApp. Ga ƙaramar mawallafiya wannan daidai yake da gobarar shago, don kuwa zauren, jerin masu saye, shaidun biya da amanar masu karatu duk suna tafiya tare, ɓarawon kuma ya ci gaba da karɓar kuɗi da sunanta. Akwai maganin da manhajar ta tanada tun 2017, wato lambar sirri ta biyu, amma sai wanda ya kunna ta. Wani haɗarin kuma ba na ɓarawo ba ne: da dandalin OkadaBooks ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023, bayan shekara goma yana aiki, marubutan da suka mai da shi kantinsu sai da suka nemi wani wuri.

Dokokin Najeriya sun biyo baya a hankali, kuma jerinsu yana da ma'ana. Dokar laifukan intanet ta fara zuwa a 2015, sashenta na 24 ya yi ƙaurin suna wajen kama 'yan jarida da masu rubutu, har Kotun ECOWAS ta yanke cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka taƙaita shi a gyaran 2024. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai littafi damar neman a sauke abin da aka sace daga shafin intanet, abin da ke da amfani a kan shafi buɗaɗɗe amma ba ya kai wa ga saƙon da ke yawo a rufe tsakanin wayoyi. Sai dokar kare bayanan mutane ta Yuni 2023, wadda ta juya lamarin: mai riƙe da sunaye da lambobin masu saye shi ma yana da nauyi a kansa. Idan bayanan suka fita ta yadda za su cutar da masu su, dole a sanar da hukuma cikin awa 72, kuma tarar ƙananan masu sarrafa bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara. Da wuya a sami marubuciyar zauren WhatsApp da ta ɗauki kanta a matsayin mai sarrafa bayanai, alhali a fuskar doka kusan hakan take.

A Bangui lissafin ya sha bamban, domin can haɗarin bai fara daga satar fasaha ba. Ɗab'in birnin ƙarami ne, jaridu ne 'yan shafuka kaɗan cikin Faransanci, irin su Le Citoyen da Le Confident, waɗanda ba sa nisa da babban birnin. Unguwar Kilomita Biyar, wadda ake kira PK5 saboda nisanta daga tsakiyar gari, ita ce zuciyar kasuwanci, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi ke hada-hada. Bayan 'yan Seleka sun ƙwace mulki a ranar 24 ga Maris 2013, sannan 'yan anti-balaka suka kai farmaki a ranar 5 ga Disamba, Musulmi da dama suka tsere zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuma suka zama kamar a kurkuku cikin unguwar. A irin wannan hali, kwamfutar mai buga wasiƙu da gurza takardu tana ɗauke da abin da ya fi littafi nauyi, wato sunaye da hotunan katin shaida, a lokacin da suna kaɗai kan iya jawo wa mutum kisa. Ita kanta kwamfutar ganima ce ga mai wawaso, ko abincin wuta, kamar yadda shaguna suka ƙone a ƙarshen Disamba 2019, sa'ad da 'yan kasuwar PK5 suka yi arangama da 'yan bindigar da ke karɓar haraji a hannunsu, mutane fiye da talatin suka mutu.

Nan ma matakin farko da hukuma ta ɗauka a kan sadarwar zamani na toshewa ne. A farkon Yuni 2014 gwamnatin riƙon ƙwarya ta dakatar da saƙon tes a faɗin ƙasar, bayan an yi amfani da shi wajen kiran yajin aiki, a daidai watan da Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da kare bayanai. Dokokin ƙasar na kare bayanan mutane da na yaƙi da laifukan intanet ba su zo ba sai a farkon 2024. Kafin nan, a Afrilu 2022, majalisar dokokin ƙasar ta riga ta amince da Bitcoin a matsayin halastaccen kuɗi, ta kuma janye wannan matsayi a 2023.