Wasiƙun Darwin da Winwood Reade

William Winwood Reade (1838–1875) matafiyi ne ɗan Birtaniya da ya riƙa musayar wasiƙu da Charles Darwin kan mutanen Afirka ta Yamma. A 1867 Darwin ya rarraba wa 'yan mishan da matafiya takardar tambayoyi: shin ko'ina mai mamaki kan zaro ido ya saki baki? Wanda abu ya fi ƙarfinsa kan ɗaga kafaɗa?

Reade, wanda ya taso daga Saliyo ya kai Kogin Neja a 1869, yana cikin masu aika masa bayani. Darwin ya ambace shi a The Descent of Man (1871) da littafinsa na 1872 kan yadda fuska ke tona zuciya. Shaidar Reade dai kallon baƙo ce.