Ma'anar Sunayen Taurarin Ƙagaggun Labarai da Matsalar Mayar da Su cikin Ƙirƙirarren Harshe: Nazari daga Ƙasar Haɗejia

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abin da ke faruwa da sunan tauraron labari idan aka ɗauke shi daga harshen da aka raɗa shi aka kai shi wani harshe, musamman ƙirƙirarren harshe, wato wanda marubuci ya tsara wa sautuka da nahawu da kalmomi da kansa, ba tare da wata al'umma ta gaje shi ba. Matsayin maƙalar shi ne, ma'anar suna tana rataye ne ga tsarin raɗin suna na al'umma fiye da yadda take rataye ga ƙamus.

Suna da tsarin da ke riƙe da shi

Bahaushe yana da sunan yanka, wanda galibi na Musulunci ne kuma ake raɗawa ran bakwai, yana kuma da sunan rana da laƙabin da yanayin haihuwa ke jawowa, kuma a wannan kashi na biyu ne ma'ana ta fi fitowa fili. A Kafin Hausa da Auyo da sauran garuruwan fadamar kogin Haɗejia, kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa, wanda ya ji an kira Tanko ya san namiji ne da ya biyo bayan 'ya'ya mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo ya zo bayan tagwaye, Talatu kuwa ranar haihuwarta ce ta zama sunanta. Saboda haka marubucin da ya kira tauraronsa Tanko ya riga ya gaya wa mai karatu matsayinsa a gida da irin gatan da ake zaton ya samu, alhali bai kashe jimla ko ɗaya wajen bayani ba.

Marubutan farko na ƙagaggun labaran boko sun fahimci wannan sarai. Abubakar Imam, wanda Ruwan Bagaja nasa ya fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, ya ɗebo labarai da dama na littafinsa Magana Jari Ce daga Larabawa da Turawa, amma bai bar mutanen cikinsu da baƙin sunaye ba, sai ya sake musu suna da gari da sarauta, har mai karatu ya ɗauka a ƙasar Hausa aka haife su. Misalin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell na 1945, wadda aka buga a 1975. A can mai gandu Jones ya koma Nomau, sunan da ake ba yaron da aka haifa lokacin aikin gona, doki Boxer ya koma Akawal, wato sunan da masu dawaki ke kiran baƙin doki, shi kuwa alade Napoleon ya zama Maitumbi. An yi asarar ishara ga sarkin yaƙin Faransa, wadda dama kaɗan ne daga masu karatun Hausa na lokacin za su kama, aka sami hoton shugaba mai haɗama wanda kowane talaka ya sani. A ganin wannan maƙala ribar ta fi asarar nesa ba kusa ba.

Ƙirƙirarren harshe

J.R.R. Tolkien, malamin harshe a Jami'ar Oxford, shi ne ya fi kowa zurfafa wannan al'amari a The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955. Ya gina harsuna irin su Quenya da Sindarin, sannan ya nuna kamar shi mai fassara ne kawai, yana cewa ainihin sunan Samwise, ɗaya daga taurarin littafin, a harshen mutanen labarin Banazîr ne, mai nufin mai rabin wayo, shi kuma ya nemo masa takwara daga tsohon Ingilishi. Da fassarorin Holanci da Suwidanci suka ɓata masa rai, sai ya rubuta jagora ga masu fassara, wadda aka buga a 1975 bayan rasuwarsa, inda ya umarta a fassara sunayen da ke da ma'ana a Ingilishi, a bar na ƙirƙirarrun harsunan yadda suke. Hikimar wannan rabo ita ce, akwai sunan da aka yi domin mai karatu ya gane shi nan take, akwai kuma wanda aikinsa shi ne ya kasance baƙo a kunne.

A nan ne matsalar take ga mai son mayar da Tanko cikin ƙirƙirarren harshe, domin ko ya ƙago kalmar namiji da ta mace da ta bayan ya harhaɗa su, abin da zai samu bayani ne, ba suna ba, muddin bai ƙago al'ummar da ke ganin haihuwar namiji bayan mata abin lura ne har ta ware masa suna ba. Zaurance, wato salon da matasa ke cusa gaɓoɓi cikin kalma ko su juya ta domin ɓoye zance, bai warware matsalar ba, saboda Hausa ce ke ƙarƙashinsa, kuma duk wanda ya san ƙa'idar zai cire ƙarin ya tarar da Tankonsa.

Ƙasar Haɗejia tana da wata hujja ta daban da ta cancanci a tsaya a kanta. Auyokanci da Teshenanci, harsunan Cadi 'yan uwan Badanci da Ngizimanci waɗanda aka taɓa yi a yankin Auyo da Kafin Hausa, sun mutu, masu su sun koma Hausa, kuma abin da aka rubuta daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Idan harshe ya tafi ya bar suna, mutane ba sa haƙura da suna marar ma'ana, sai su ƙago masa labari, kuma mai yiwuwa irin wannan buƙata ce ke bayan ruwayar da ke cewa sunan Haɗejia ya fito daga wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. Haka mai karatu ke yi wa ƙirƙirarren suna: yana auna shi da sautukan harshensa, ya ba shi ma'anar da marubuci bai nufa ba, ta yadda sunan da ya ƙare da wasalin da aka saba ji a sunayen mata zai sa a ɗauki jarumi a matsayin mace.

Saboda haka marubucin Hausa da ke son gina duniyar almara da harshenta, da ɗalibin da ke nazarin fassara a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ya kamata su fara da tambayar yadda mutanen wannan duniya ke raɗa suna, wa ke raɗawa, a wace rana, kuma bisa wane dalili, kafin su shiga ƙera kalmomi. Hanyar Funtua, ta neman takwaran suna a cikin tsarin al'ummar da za ta karanta, ita ce ta fi inganci, kuma har yanzu ba a yi mata nazarin da ya kai darajarta ba.